Saƙo Ya Iso, Mai Akwati Bai Duba Ba



Ina roƙon duk mai karanta wannan rubutu a waya ya ɗan dakata, ya nemo manhajar Gmail, ya buɗe ta, ya taɓa 'yan layukan nan guda uku da ke sama ta hannun hagu. Mafi yawanmu abin da za mu gani a gaban sunayen akwatunan shi ne 99+, wato saƙonnin da ba a buɗe ba sun wuce abin da wayar za ta tsaya nunawa. Masu iPhone ma ba sai sun shiga ba, jan tambarin da ke kan manhajar ya isa shaida: wani dubu biyu, wani dubu bakwai, wani ya daina kallon lambar gaba ɗaya. Wasu kuma za su tarar ba su ma san ko adireshin wa ke kan wayar tasu ba.

Abin yakan ba mu dariya, amma a ganina ya wuce wasa. A cikin wannan tari akwai wasiƙun da, in da a takarda suka zo, da mun adana su tare da takardun fili da na makaranta. Akwai kiran tantancewa, akwai sanarwar tallafin karatu, akwai gargaɗin banki, kuma kusan kowanne yana da wa'adi. Ra'ayina shi ne sakacin da muke yi da imel yana jawo mana asarar da ba mu ma san mun yi ta ba, kuma gyaran abin bai buƙatar digiri ko kuɗi. Abu biyu kawai yake so: mutum ya mallaki akwatinsa da kansa, ya kuma saba da leƙa shi.

Da can ba haka muke da wasiƙa ba

Minna gari ne da ya tashi da jirgin ƙasa. Layin dogon Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ta nan ya ratsa, kuma tun kafin garin ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976 mutanensa sun san darajar wasiƙa. Manyanmu suna tuna yadda ake yi. Mai hali yakan kama akwati a gidan waya, ya riƙe makullinsa kamar makullin ɗaki. Wanda ba shi da akwati sai ya ba da na makaranta, ko na ma'aikata, ko na wani mai shago da aka yarda da shi, kuma idan yana jiran amsar neman aiki, kullum sai ya bi ta can ya tambaya ko an kawo. Har gobe manyan ma'aikatun garin nan suna ɗauke da lambobinsu a kan takardunsu: Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da P.M.B. 65, hukumar NECO tana da P.M.B. 159.

A wancan zamani babu wanda zai shekara biyu bai buɗe akwatinsa ba alhali yana neman aiki. Babu kuma wanda zai bar makullin a hannun baƙon da ya gani sau ɗaya. Yau akwatin ya baro gidan waya ya shigo aljihunmu, ba kuɗin haya, ba kuɗin acaɓa, amma sai muka yi masa abin da iyayenmu ba su taɓa yi wa nasu ba.

Yadda muka samu imel ɗin da ba namu ba

Asalin matsalar tana wurin da aka buɗe mana adireshin. Yawancinmu ta ƙofa biyu muka shiga. Ta farko ita ce shagon waya. Ka sayi sabuwar waya a Obasanjo Complex ko a wani shago cikin gari, ka ce a sa maka WhatsApp da Facebook, sai a ce sai da imel kafin Play Store ya buɗe. Nan take yaron shago zai ƙirƙiro wani suna, ya haɗa da wasu lambobi, ya sa kalmar sirrin da shi kansa zai manta kafin yamma. Kai dai ka ga waya tana aiki ka yi gaba. Ranar da wayar ta ɓace ko ta lalace, sai a sake buɗe wani sabo.

Ƙofa ta biyu ita ce kafe. An buɗe shafin ɗaukar aiki ko na tallafi, layi ya yi tsawo, mai kafe yana sauri. Ya tambaye ka imel, ka ce ba ka riƙe ba. Sai ko dai ya buɗe maka wani a gurguje, ko ya sa nasa, ko na wani yaronsa. An cike fom, an buga maka takarda, ka biya ka tafi. Daga wannan rana duk amsar da za ta fito, wani wuri za ta je daban da inda kake.

Ta haka mutum ɗaya ke tara adireshi uku ko huɗu, kowanne yana riƙe da wani ɓangare na rayuwarsa, babu kuma wanda ya san hanyar shigarsa. Abin ya fi shafar 'yan'uwanmu mata da dattawa. Yarinya ta gama sakandare, an yi mata rajista da imel ɗin yayanta, shi kuma ya tafi Abuja ko Legas neman kuɗi, ya canza waya, ya manta. Uwa tana da asusun banki amma saƙonninsa suna zuwa wayar ɗan da ba ya gida.

Sai kuma batun layi. Idan aka manta kalmar sirri, Google kan aika lambar tabbatarwa zuwa layin da aka sa ranar buɗewa. Tun daga Disambar 2020 da aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN, har zuwa wa'adin ƙarshe na Satumbar 2024, layuka da yawa sun rufe. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuwa, kamfani yana iya sake sayar da shi ga wani. Wanda imel ɗinsa ke rataye da irin wannan layi, makullin akwatinsa yana hannun mutumin da bai taɓa gani ba.

Me ke shiga cikin akwatin?

Wani zai ce ai tallace-tallace ne kawai da sanarwar Facebook. Gaskiya ne su suka fi yawa, kuma su ne ke binne masu muhimmancin. Amma a duba abubuwan da suka koma intanet a 'yan shekarun nan. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ta kuma kawo tsarin CAPS a 2017, inda ɗalibi da kansa zai shiga ya karɓi gurbin da aka ba shi, shiga shafin nata kuma yana tafiya da imel ɗin da aka haɗa da rajistar. Rajistar yi wa ƙasa hidima ta NYSC sai da imel mai aiki. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya buɗe shafinsa ranar 24 ga Mayun 2024 sai ya aika saƙon tabbatarwa ta imel kafin a wuce gaba. Shirin 3MTT na koyar da matasa fasahar zamani da aka fara a ƙarshen 2023, ta imel ya riƙa tuntuɓar waɗanda aka zaɓa. Tallafin karatu na PTDF da na ƙasashen waje irin su Chevening na Birtaniya, su ma ta nan suke magana da masu nema.

Ba ɗalibai kaɗai abin ya shafa ba. Mai POS ko mai shago a Kasuwar Kure da ya yi rajistar sana'arsa da hukumar CAC, takardar shaidarsa ta intanet take fitowa, idan kuma akwai gyara a bayanansa ta shafin hukumar da imel za a sanar da shi. Ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho na adashi, kamfanin da ke riƙe masa kuɗi yakan aika bayanin asusu duk bayan wata uku, a nan ne zai gane ko ana zuba masa abin da ake cira daga albashinsa ko ba a zubawa. Banki yana cajin kuɗi a kan kowane alat na tes, da yawansu sun mayar da shi naira 6 tun Mayun 2025, amma alat na imel da bayanin asusu na wata-wata kyauta suke zuwa. Wato muna biyan kuɗi a kan gajeren saƙo, muna watsi da cikakken bayanin da aka ba mu a banza.

Abin takaicin shi ne a garin da muke. Nan ne hedikwatar NECO tun kafa ta a 1999. Nan ne jami'ar fasaha da aka kafa a 1983, mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano, tana yaye masana kwamfuta kowace shekara. Ga Kwalejin Ilimi ta jiha, ga jami'ar IBB a Lapai, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bida. Bai dace a ce yaron Limawa ko Kpakungu ko Maitumbi ya rasa dama saboda abin da maƙwabcinsa zai iya nuna masa cikin minti goma ba.

Wanda bai amsa ba, an ɗauka ba ya so

Ga abin da ya kamata mu fahimta game da yadda masu ɗaukar aiki da masu ba da tallafi suke aiki. Suna da jerin sunaye mai tsawo, wanda ya ninka guraben da ke hannunsu sau da yawa. Idan suka aika saƙo suka ce a tabbatar da zuwa kafin ranar kaza, wanda ya yi shiru ba a bin sa gida a tambaye shi ko lafiya. Ana tsallake sunansa ne a kira na ƙasansa. Babu wanda ya zalunce shi, babu kuma wanda zai sanar da shi cewa an taɓa kiransa.

Shi kuma yana nan yana jira. Bayan wata biyu ya ji abokinsa ya fara aiki, sai ya ce ai dama sai kana da hanya, ko ya ce ba rabonsa ba ne. Ban musanta cewa akwai son kai da alfarma a harkar ɗaukar aiki a ƙasar nan ba, kowa ya san da su. Amma kafin mutum ya yanke hukuncin an danne shi, ya fara tabbatar da cewa ba a kira shi ba. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, to amma wannan rabon bai hau sama ba, ya sauko har cikin aljihu, mai shi ne bai sa hannu ya ɗauka ba.

Uzurorin da ake kawowa

Akwai masu cewa ai da WhatsApp da tes sun wadatar, duk mai nemanka da gaske zai kira ka. Tsakaninmu haka ne. Amma hukumar da ke mu'amala da mutum dubu ɗari ba za ta kira kowa ba, kuma takardar kira ko ta shaida ba ta shiga cikin tes. Imel yana da wani amfanin da WhatsApp ba shi da shi: ba ya bin waya ya ɓace. Rasit ɗin da aka aiko maka shekara biyar da ta wuce yana nan, za ka iya fito da shi a kowace waya ko kwamfuta ranar da gardama ta tashi.

Akwai masu kukan data da wuta, kuma kukansu yana kan hanya. Kuɗin data ya tashi bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Batun wuta kuwa, jihar da ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, ga Jebba a kan iyakarta, bai kamata mutanenta su riƙa yawon neman wurin caji ba, amma suna yi. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: datar da bidiyon TikTok guda ɗaya ke ci ta isa a karanta saƙonnin imel na kwanaki. Wanda ya samu cajin kallon ƙwallo da barkwanci, ya samu na duba akwati.

Akwai matsalar Turanci, ita ma gaskiya ce. Saƙonnin hukuma da Turanci mai nauyi suke zuwa. Amma Google Translate yana da Hausa tun 2013, ko da fassarar ba ta fita sumul ba za ta nuna maka inda maganar ta dosa. Bayan haka babu unguwar da ba ta da ɗalibi ko malamin makaranta da zai karanta maka. Iyayenmu da ba su yi boko ba haka suka yi da wasiƙunsu, ba su ce don ba su iya karantawa ba sai su bar su a gidan waya.

Uzuri na ƙarshe shi ne tsoron 'yan damfara, kuma shi ya fi kowanne ƙarfi. Amma rufe ido ba ya korar ɓarawo. Wanda ba ya buɗe imel ɗinsa shi ne ba zai ga gargaɗin da Google ke aikowa ba idan wani ya shiga akwatin daga wata waya, kuma wanda ya shiga imel ɗinka ya samu hanyar canza kalmar sirrin Facebook ɗinka da sauran shafukan da ke rataye da shi. Maganin damfara shi ne sanin kamanninta, zan kuma zo kansa.

Yadda za a tono na kirki daga cikin tarin

Kada kowa ya ɗaura niyyar karanta saƙo dubu biyar ɗaya bayan ɗaya. Ba zai gama ba, kuma babu buƙata. Abin da ake so shi ne a san yadda ake tambayar akwatin ya fito da abin da ake nema. A saman Gmail akwai wurin bincike, kuma yana jin wasu 'yan kalmomi idan aka rubuta su daidai, ba tare da tazara kusa da ɗigo biyun ba.

Na farko, rubuta is:unread. Zai kawo maka duk saƙonnin da ba a buɗe ba kaɗai. Idan sun yi yawa, ƙara tazara ka rubuta category:primary a gabansa, sai tallace-tallace da sanarwar shafukan sada zumunta su fita, a bar maka waɗanda mutane da ma'aikatu suka aiko. Idan na kwanan nan kake so, ƙara newer_than:30d, wato na kwana 30 da suka wuce. Daga nan ya kamata kowa ya fara, domin a nan ne ake samun abin da wa'adinsa bai ƙare ba.

Na biyu, nemi mai aikowa da sunansa. Rubuta from:jamb, ko from:nysc, ko sunan bankinka bayan from: ɗin. Haka nan nemi kalmomin da irin waɗannan wasiƙu ba sa rasawa: shortlisted, interview, screening, admission, deadline, verify. Waɗannan kalmomi shida ko wanda bai yi nisa a boko ba zai iya rubuta su a takarda ya ajiye. Idan takarda kake nema, has:attachment zai fito da saƙonnin da ke ɗauke da fayil.

Na uku, leƙa sauran ɗakunan. Tun 2013 Gmail ya raba akwati zuwa sassa, akwai Primary, akwai Promotions, akwai Social, wasu kuma suna da Updates. Wayar ba ta yin ƙara sai don abin da ya shiga Primary, alhali saƙon da ma'aikata ta aika wa dubban mutane lokaci guda yakan faɗa Promotions ko Updates. Wani ma Spam yake faɗawa, kuma duk abin da ya kwana 30 a Spam gogewa yake da kansa. Saboda haka mai jiran amsa ya riƙa leƙa Spam aƙalla sau ɗaya a mako. Idan ya ga na kirki a ciki, ya taɓa inda aka rubuta Not spam. Idan kuma yana son bincike ya haɗa har da Spam da kwandon shara, ya ƙara in:anywhere.

Na huɗu, shiga Settings, ka zaɓi adireshinka, ka nemi Inbox type, ka mayar da shi Unread first. Daga nan waɗanda ba ka buɗe ba su za su riƙa zama a sama. Kana wurin ka tabbatar Sync Gmail a kunne yake. Da yawanmu mun kashe shi ko mun toshe wa manhajar data don tattali, shi ya sa saƙo ke isowa wayar ba ta ce komai ba.

Na biyar, toshe ɓarakar da shara ke shigowa. Saƙonnin talla suna da Unsubscribe a sama kusa da sunan mai aikowa, taɓa shi sau ɗaya ya isa ga kamfanonin kirki. Sanarwar Facebook kuwa daga cikin Facebook ɗin ake kashe ta. Tsofaffin da suka taru, a rubuta category:promotions older_than:1y a share su. A waya kaɗan-kaɗan ake iya zaɓa, amma a kwamfuta ana zaɓar dubbai a lokaci guda. Wannan aiki ne da ya cancanci a biya kuɗin rabin awa a kafe, da sharaɗin kai za ka shigar da kalmar sirrinka, kuma ka fita daga akwatin kafin ka tashi daga kujera.

Na shida, duba ko akwatin ya cika. Google yana ba kowa gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke rabon sa, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki ake lissafa ta. Hotunan biki da bidiyoyin guruf suna iya cinye wurin kaf. Idan ya cika, saƙo ba ya shiga, komawa yake ga wanda ya aiko, kai kuma ba ka da labari. Rubuta larger:10M don ganin manyan saƙonni, sannan ka rage hotuna da bidiyon da ba ka buƙata.

Na bakwai, wanda ya fi duka: ka karɓi makullinka. Zaɓi adireshi ɗaya mai ɗauke da sunanka na gaskiya, wanda ba za ka ji kunyar rubuta shi a takardar neman aiki ba. Canza kalmar sirrinsa zuwa wadda kai kaɗai ka sani, ka rubuta ta a littafi ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Shiga sashen Security ka sa layin da ke hannunka yanzu, wanda aka haɗa da NIN ɗinka. Tsofaffin adireshin da ka taɓa cike fom da su, ka shiga ka duba su tun suna buɗuwa, domin tun Disambar 2023 Google ya ce yana iya goge duk asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Gane na gaskiya da na ƙarya

Sunan da ke fitowa a sama ba hujja ba ne, kowa yana iya rubuta sunan kowace hukuma. Taɓa sunan ka ga ainihin adireshin, ka duba abin da ke bayan alamar @. Na hukumomin gwamnati galibi da gov.ng suke ƙarewa, kamar jamb.gov.ng da neco.gov.ng, na jami'o'i kuma da edu.ng, kamar futminna.edu.ng. Wanda ya ce shi hukuma ne amma adireshinsa ya ƙare da gmail.com, a yi hattara da shi. Duk saƙon da ya nemi lambar katin ATM, ko lambar sirri, ko lambar nan da banki ke aikowa ta tes, na ɓarawo ne ko da tambarin wa ya ɗauko. Haka wanda ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum don a ba ka aiki. Idan kana shakka, kada ka taɓa mahaɗin da ke cikin saƙon. Fita ka rubuta adireshin shafin hukumar da hannunka, ko ka taka zuwa ofishinsu ko reshen bankin ka tambaya.

Kowa da nasa kason

Ban ɗora wa talaka laifin duka ba. Ma'aikatun da suka san irin mutanen da suke hulɗa da su, ya kamata duk saƙo mai wa'adi su raka shi da tes mai layi ɗaya da ke cewa a duba imel. Su kuma ba da lokaci mai ma'ana. Kiran tantancewa da aka aika yau aka ce a bayyana jibi a Abuja, bai yi wa mutumin Kontagora ko Mokwa ko Kagara adalci ba.

Masu kafe da masu shagon waya, amana ce a hannunku. Minti uku ya isa ku buɗe wa mutum imel da sunansa, ku sa layinsa, ku rubuta masa adireshin da kalmar sirrin a takarda, ku ce ya canza ta idan ya koma gida. Wanda ya sa imel ɗinsa a fom ɗin wani, ya sani ya ɗauki nauyin duba masa amsa har ranar da za ta fito. Idan ba zai iya ba, kada ya fara.

Iyaye, idan za a yi wa yaro ko yarinya rajistar JAMB ko wani fom, ku tambaya da wane imel aka yi, ku sa a rubuta muku. Ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku yi wannan tambaya. Matasan da suka iya kuma, ku fara da gida: wayar Baba, wayar Inna, wayar ƙanwarku da ke jiran sakamako. Ku nuna musu yadda ake yi su gwada da hannunsu a gabanku, kada ku karɓe wayar ku yi musu, don gobe ba kwa nan.

Saura sabo. Kowa ya zaɓi lokaci guda a rana, da safe kafin ya buɗe WhatsApp ko da dare kafin ya kwanta, ya ba akwatinsa minti biyar. Abin da ke son amsa ya amsa nan take ko da layi biyu ne, wanda ke da rana ya sa masa tauraro ya rubuta ranar, sauran ya share. Wanda ya cike fom kuwa, daga ranar da ya cike har ranar da sakamako ya fito, kada rana ta faɗi bai duba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da aka ji labarin an fara tantancewa ba ita ce ranar neman kalmar sirrin da aka manta shekara uku ba.

Duk wanda ya gwada ya ci karo da wani abin da ya ɗaure masa kai, ya tambayi na kusa da shi, tambaya ba ta rage mutum. A kuma isar da wannan ga waɗanda ba su gani ba, musamman masu jiran gurbin karatu da masu neman aiki. Allah Ya sa mu dace.